Tsarin Rayuwa da Ciwon Damuwa: Abin da Bincike Ya Nuna da Abin da Ke Kan Sakkwatawa

Ciwon damuwa yana cikin cututtukan da suka fi yawa a duniya, kuma yana cikin waɗanda aka fi jahilta a ƙasar Hausa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da shi, kusan kashi 5 cikin 100 na manya suna ciki, mata kuma sun fi maza yawa. A rahoton da ta fitar a 2017 ta ce masu shi a Nijeriya sun haura miliyan 7. Ba baƙin cikin 'yan kwanaki ake nufi ba, irin wanda kowa ke shiga idan an yi masa rasuwa ko ya tafka asara a kasuwa. Ana nufin halin da mutum zai kai mako biyu ko fiye zuciyarsa a ƙuntace kusan kullum, abin da yake so a da ya fita ransa, barci ya gagare shi ko ya yi masa yawa, abinci ya ƙi shiga, jiki ya mutu, hankali ya kasa tsayawa wuri ɗaya, ya riƙa ganin ba shi da amfanin komai, wani lokaci har ya ji gara mutuwa. A Sakkwato, kamar sauran garuruwanmu, ba kasafai mai wannan ciwo ke faɗin abin da ke cin zuciyarsa ba. Kukan ciwon kai yake yi, ko zafin jiki, ko bugun zuciya, ko kasala, sai a yi ta saya masa maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifod a kemis. In abin ya ƙi, sai bakin 'yan gida ya rabu: wasu su ce iska ce, wasu su ce sammu ne, wasu su ce ƙarancin tawakkali.

Tambayar da ta dace a yi ita ce ko yadda mutum ke tafiyar da rayuwarsa ta yau da kullum, wato barcinsa da cinsa da motsinsa da hulɗarsa da jama'a da abin da yake sha ko busawa, yana da hannu wajen kamuwa da wannan ciwo ko tsira daga gare shi. A ganina hujja ta riga ta yi ƙarfin da za a ce e, yana da hannu, kuma babba. Sai dai ɗabi'ar mutum ba ta tsayawa da ƙafarta ita kaɗai. Gari ne ke ba ta wurin zama ko ya hana ta, da zafinsa da wutar lantarkinsa da tsadar kasuwarsa da tsaronsa da al'adun gidajensa. Don haka duk wanda ya yarda cewa tsarin rayuwa na kare mutum daga ciwon damuwa, ya zama dole ya yarda cewa samar da wannan tsari nauyi ne a kan al'umma, ba a kan majinyaci kaɗai ba.

Hujja mafi girma ta fito ne a watan Satumba na 2023, lokacin da masu bincike daga Jami'ar Kambirij ta Ingila da Jami'ar Fudan ta ƙasar Sin suka wallafa sakamakon bibiyar mutum kusan 290,000 a Birtaniya na kimanin shekara 9, waɗanda kusan 13,000 daga cikinsu suka kamu da ciwon damuwa. Sun duba ɗabi'u bakwai: barcin awa 7 zuwa 9, ƙin shan taba, yawan hulɗa da 'yan'uwa da abokai, motsa jiki, rage dogon zama wuri ɗaya, ƙin wuce iyaka a shan giya, da cin abinci mai kyau. Barci ne ya zo a gaba, domin ya rage haɗarin kamuwa da kashi 22 cikin 100. Ƙin shan taba ya rage da kashi 20, zumunci da kashi 18, motsa jiki da kashi 14, abinci da kashi 6. Waɗanda suka haɗa biyar ko fiye daga cikin bakwai ɗin, haɗarinsu ya yi ƙasa da kashi 57 cikin 100 idan aka gwada su da waɗanda ba su riƙe ko ɗaya ba ko guda ɗaya kawai suka riƙe. Wani abu mai muhimmanci shi ne an auna gadon halitta ma. Masu ƙaramin haɗari ta fuskar gado sun fi masu babban haɗari tsira da kashi 25 cikin 100 ne kawai, kuma kyakkyawan tsarin rayuwa ya amfani kowane rukuni, har da waɗanda ciwon ke bin jinin gidansu.

Mai hankali zai iya tsayar da mu a nan ya ce ƙila mun juya maganar. Ai mai ciwon damuwa ne ke kasa barci, ya daina fita, ya ƙaurace wa mutane, ya koma ga taba, saboda haka ciwon ne ke ɓata ɗabi'a, ba ɗabi'a ke jawo ciwon ba. Wannan suka tana da gaskiya a cikinta, domin abin yana tafiya ta ɓangare biyu. Amma an bi hanyoyi uku don warware ta. Ta farko ita ce a fara da masu lafiya a bi su shekaru. A ƙasar Norwe an bibiyi manya kusan 34,000 da ba su da wata alamar ciwon na tsawon shekara 11, aka ƙiyasta cewa da kowa yana motsa jiki ko da awa ɗaya a mako, da an kauce wa kashi 12 cikin 100 na waɗanda suka kamu daga baya. Ta biyu ita ce duba ƙwayoyin gado, waɗanda ake haihuwar mutum da su tun kafin wani ciwo ya same shi. Masu bincike a Babban Asibitin Massachusetts na Amurka sun bi wannan hanya a 2019, suka sami alamar cewa motsa jiki da kansa yana rage haɗarin. Ta uku, wadda ta fi ƙarfi, ita ce gwaji a kan majinyata. A 2024 an tattara sakamakon gwaje-gwaje 218 da suka ƙunshi mutum sama da 14,000, aka ga tafiyar ƙafa da sassarfa da atisayen ƙarfafa gaɓoɓi suna rage alamomin ciwon sosai. A Ostireliya kuma, a wani gwaji da aka wallafa a 2017, an gyara abincin wasu majinyata na mako 12, kusan kashi ɗaya cikin uku suka sami sauƙi, alhali a rukunin da ba a gyara wa ba kashi 8 cikin 100 ne kawai. Mutum 67 ne kacal a wannan gwaji na abinci, don haka hujjarsa ba ta kai ta motsa jiki nauyi ba, amma duk hanyoyin wuri ɗaya suka nufa.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Ƙwaƙwalwa gaɓa ce a cikin jiki, jini ɗaya ke ciyar da ita da sauran gaɓoɓi. Rashin barci na tsawon lokaci yana dagula sinadaran da jiki ke saki a lokacin firgici, yana kuma raunana sashen ƙwaƙwalwa da ke danne fushi da fargaba, shi ya sa aka gano cewa masu fama da rashin barci sun ninka sauran mutane haɗarin kamuwa da ciwon damuwa kusan sau biyu. Motsa jiki yana gyara barci, yana daidaita sukari da hawan jini, yana rage kumburin cikin jiki wanda bincike ke dangantawa da ciwon. Ta fuskar hali kuma, ciwon damuwa yana ƙaruwa ne da kaɗaici. Mutum ya janye daga jama'a saboda ba ya jin daɗi, janyewar ta raba shi da duk abin da zai faranta masa, tunani ya sami fili, ya ƙara janyewa. Duk ɗabi'ar da ke fitar da shi daga ɗaki ta haɗa shi da mutane tana katse wannan zagaye.

Suka ta biyu ita ce duk wannan bincike na Turawa ne, an yi shi a ƙasashen sanyi a kan mutane masu albashi da wutar da ba ta ɗaukewa. Haka ne, kuma bai kamata a kwaso alƙaluman Birtaniya a ɗora wa unguwar Mabera ko Runjin Sambo kamar a can aka ƙirga su ba. Maganar giya ma ba ita ce matsalar yawancin Sakkwatawa ba. Amma ciwon kansa ba na Turawa ba ne. Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa na Jami'ar Ibadan sun binciki tsofaffi sama da 2,000 a kudu maso yammacin Nijeriya, suka wallafa a 2007 cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu sun taɓa yin ciwon damuwa mai tsanani a rayuwarsu, adadin da ya fi na ƙasashen Turai da dama. Jikin ɗan Adam kuwa ɗaya ne wajen buƙatar barci da motsi da abinci da mutane. Abin da ya bambanta shi ne abubuwan da ke hana shi samun su, kuma a nan ne ya kamata mu dubi garinmu da idon basira.

Mu fara da barci, tunda shi ne kan gaba. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, ɗakin siminti mai rufin kwano yana riƙe wannan zafi har tsakar dare, wuta kuma ba ta da tabbas. Wanda ya fito tsakar gida sauro ya tarbe shi. Ga waya a hannu, matashi da magidanci suna kan TikTok da Facebook har ƙarfe ɗaya, alhali ana kiran sallar asuba kafin ƙarfe 6. Duk mai son awa 7 ya kuma sami jam'in asuba, sai ya kwanta wajen ƙarfe 10, ko ya cike gurbin da ƙailula kamar yadda magabata suka saba. Motsi ma ya ragu. Tafiyar da a da ake yi da ƙafa daga Kanwuri zuwa tsohuwar kasuwa, yanzu kabu-kabu ko Keke Napep ake hawa, ma'aikaci da ɗan kasuwa su wuni a zaune. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar aƙalla minti 150 na motsi matsakaici a mako, wato tafiyar rabin awa da ɗan sauri kwana biyar, abin da za a iya yi bayan asuba ko bayan la'asar. Amma matar da ke cikin kulle a gidan haya mai ƙaramar tsakar gida, ina za ta yi wannan tafiya? Filin wasa na Giginya da filayen ƙwallo na unguwanni kusan duk na maza ne. Lebura da mai turin ruwa kuwa ba ƙarin gajiya suke buƙata ba, hutu suke buƙata, domin bincike ya nuna amfanin ya fi fitowa a motsin da mutum ya zaɓa da kansa, ba wahalar neman abinci ba.

Ta wajen ci, abincinmu na gado bai yi nisa da wanda likitoci ke yabawa ba: gero da dawa da ba a cire musu duka amfaninsu ba, wake, gyaɗa, zogale, rama, yakuwa, kuɓewa, nono, kifin gulbi, da albasa da tumatir da ake nomawa a fadamun Rima. Abin da ke ture su a birni shi ne lemon kwalba da shayi mai tulin sukari da taliyar leda, sannan tsada, domin hauhawar farashin abinci a Nijeriya ta haura kashi 40 cikin 100 a 2024. Abin da ya maye gurbin giya a lissafinmu kuwa shi ne ƙwaya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara ɗaya kafin binciken, kimanin miliyan 3 a arewa maso yamma. A watan Mayu na 2018 ne gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Da yawa daga masu shan taramol da kodin da wiwi, maza da matan aure, neman mantuwa ko ƙarfin aiki ne ya kai su, daga baya ƙwayar ta lalata musu barci, ta cinye kuɗi, ta raba su da dangi, damuwar da suka guda ta ninku.

Zumunci shi ne arzikin da muka fi Turawa, kuma shi ne muka fi sakaci da shi saboda muna ganin ba zai ƙare ba. Sallar jam'i sau biyar, majalisar ƙofar gida, suna da biki da gaisuwar mutuwa, makarantar Islamiyya ta matan aure, adashi, duk hanyoyi ne da ke sa a ga mutum kullum a kuma lura idan ya canja. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma wanda ya taka zuwa gidan ɗan'uwansa ya haɗa biyu daga cikin ɗabi'un nan bakwai a tafiya ɗaya. Sai dai cikar gida ba ta hana kaɗaici. Akwai amaryar da aka kawo daga wani gari ba ta san kowa ba, da mai jegon da kowa ke tambayar lafiyar jaririnta ba mai tambayar tata, da bazawarar da ake yi wa kallon nauyi, da tsohon da 'ya'yansa suka watse neman abinci, da matashin da ya gama karatu ya rasa aiki har yana jin kunyar zama a majalisa. Akwai kuma dubban 'yan gudun hijira daga Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo da sauran yankunan da 'yan bindiga suka addaba, waɗanda suka rasa gona da dangi da maƙwabta a lokaci ɗaya. Waɗannan su ne suka fi kusa da ciwon, kuma su ne zumuncin gari ya fi tsallakewa.

Suka ta uku ta fi sauran zafi: wane irin wa'azin abinci mai kyau da barcin awa 7 za a yi wa wanda bai san abin da iyalinsa za su ci gobe ba? A ƙididdigar talauci ta fuskoki da dama da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022, Jihar Sakkwato ce ta zo a sama da kusan kashi 91 cikin 100 na jama'arta. Binciken duniya ya nuna masu ƙaramin ƙarfi sun fi masu hali haɗarin ciwon damuwa, wani wuri har ninki uku, ciwon kuma yana hana aiki ya ƙara zurfafa talaucin. Duk wanda ya ce wa talaka laifinsa ne da ya kamu, ya zalunce shi. Amma wannan suka ba ta rushe hujjar ba, faɗa mana ta yi wanda nauyin ke kansa. Idan zafi da duhu ke hana barci, to wutar lantarki da dashen bishiyoyi da gidan sauro aikin lafiyar ƙwaƙwalwa ne. Idan tsoro ke hana manomi zuwa gona, to tsaro magani ne. Kuma a cikin ɗabi'un akwai waɗanda ba sa cin ko sisi, kamar tafiyar ƙafa da ziyara da ajiye waya da dare, barin taba ma rara yake bari a aljihu. Talakan da ba shi da kuɗin asibiti shi ya fi kowa buƙatar rigakafin da ke hannunsa.

Saura masu cewa mumini ba ya ciwon damuwa, addu'a ta wadatar. Addu'a da zikiri da yarda da ƙaddara suna ba zuciya ƙarfi, babu musu. Amma Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yaƙub, wanda baƙin cikin rabuwa da Yusuf ya taɓa masa gani, kuma ba wanda ya isa ya tuhumi imaninsa. Abu Zaid al-Balkhi, malamin Musulunci da ya rasu a 934, ya rarrabe baƙin cikin da ke da sanadi sananne da wanda ke faɗo wa mutum ba dalili, ya danganta na biyun da jiki, ya ce yana buƙatar magani. A nan gida, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya gina Sakkwato a 1809, ya rubuta littattafai kan magani, har da na basir da na ciwon ido. Ƙanwarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda malamai mata da ake kira jaji ke zagaya ƙauyuka suna tara mata don karatu da taimakon juna. Garin da ya gaji irin waɗannan malamai bai kamata ya ɗauki kula da jiki ko zuwa asibiti a matsayin raunin imani ba.

Wajibi ne kuma a faɗi iyakar abin. Tsarin rayuwa yana rage haɗari, ba ya kawar da shi. Akwai mai barci da kyau, mai motsi, mai jama'a, kuma ciwon ya same shi. Wanda ciwon ya yi wa tsanani ba zai iya tashi da umurni ba, cewa da shi ya daure ko ya fita yawo kawai ƙarin nauyi ne. Irin wannan yana buƙatar likita, da maganin sha ko zaman shawara da ƙwararre, ko duka biyun. Muna da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma zuwa can ba shaidar hauka ba ce. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958, amma likitocin wannan fanni 'yan ɗaruruwa ne ga al'umma sama da miliyan 200. Mafita ita ce a sauko da aikin ƙasa. A Zimbabuwe, Dokta Dixon Chibanda ya horar da dattawan mata su zauna da masu damuwa a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna bayan wata shida kashi 14 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka zauna da su ke da sauran alamun ciwon, alhali a ɗaya rukunin rabi ne. Garin da ya san jaji ba zai rasa matan da za su iya wannan aiki ba.

Kira na farko ga gwamnatin jiha ne: ta horar da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi da ungozomomi su riƙa tambayar barci da halin zuciya kamar yadda suke auna hawan jini, ta kuma ware filaye masu sutura da inuwa inda mata za su motsa jiki. Limamai su sa maganar a huɗuba, masu unguwanni su san waɗanda suka daina fitowa. Magidanci ya bar matarsa ta je Islamiyya da ziyarar danginta, ya tambaye ta abin da ke ranta ya kuma saurari amsa. Kai kuma mai karatu, ka kwanta da wuri, ka taka da ƙafarka, ka nisanci taba da ƙwaya, ka leƙa maƙwabcin da ka kwana biyu ba ka gani a masallaci ba. Idan ƙuncin zuciya ya wuce mako biyu a kanka ko a kan wani naka, ku je asibiti. Idan kuwa har ya fara ambaton mutuwa ko kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi wurin likita a ranar.